Zubi da Narki: Tarihin Tagulla Daga Takedda Zuwa Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littattafan da aka rubuta a kan tarihin fasahar Nijeriya zai tarar da sunayen wurare uku suna ta maimaituwa idan aka zo maganar tagulla, watau Igbo-Ukwu da Ife da Binin. Daga nan sai a ɗan taɓo Tada da Jebba na gaɓar Kwara, a rufe babin. Ƙasar Hausa ba ta cika samun ko da layi guda ba. Dalilin da akan bayar shi ne wai Hausawa ba su zuba siffar mutum ko ta dabba ba, domin Musulunci ya hana. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta yi gajarta ƙwarai, har ta sa ɗalibai da yawa sun ɗauka babu wani tarihin tagulla a Arewa da ya cancanci bincike. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne tarihin yana nan, sai dai wuta ce ta cinye mafi yawan shaidarsa, domin a ƙasar Hausa ƙarfe ba ya tsufa a ajiye shi, mayar da shi kasko ake yi.

Kafin a yi nisa, akwai matsalar suna. Kalmar tagulla a bakin jama'a tana ɗaukar abubuwa uku da masana kimiyya suka rarrabe. Akwai jan ƙarfe zalla, wanda wasu ke kira jan gaci. Akwai jan ƙarfe da aka gauraya da kuza, akwai kuma wanda aka gauraya da tutiya, mai launin ruwan ɗorawa, shi ne farin gaci. A nan za a kira na biyu tagullar kuza, na uku kuma tagullar tutiya. Kada a ɗauka Hausa ce kaɗai ta yi wannan kwaɓa: galibin kayan Binin da duniya ta sani da sunan tagullar kuza, da aka gwada su sai aka tarar tagullar tutiya ce.

Inda ƙarfen ya fito

Shaida mafi daɗewa a rubuce ita ce ta Ibn Baɗuɗa, wanda ya sauka a Takedda a shekarar 1353. Ya ce mutanen garin suna haƙo jan ƙarfe, suna narka shi a gidajensu, suna zuba shi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi, wasu masu kauri, wasu sirara. Masu kaurin 400 ake bayarwa a miskalin zinariya, siraran kuwa 600 ko 700. Da siraran ake sayen nama da itacen wuta, da masu kaurin ake sayen gero da alkama da man shanu da bayi. Ya kuma ce ana kai wannan ƙarfe Barno da wata ƙasa da ya rubuta Kubar, wadda mafi yawan masana suka fassara da Gobir. Binciken da Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi a Azelik, yamma da Agadas, cikin shekarun 1970, ya ƙarfafa ra'ayin cewa nan ne kufan Takedda. Abin lura a nan shi ne tun farkon shigarsa tarihi, jan ƙarfe kuɗi ne kuma kayan aiki ne a lokaci guda. Sandar da aka sayi gero da ita yau, gobe tana iya zama munduwa, jibi kuma mai munduwar ya matsu ya sayar, ta koma sanda.

Ƙasa ma ta ba da tata shaidar. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani ta Katsina, H. R. Palmer ya tona wasu kusheyi a 1907, aka kuma sake tona wasu a 1992. Kayan da aka samu a tonon na biyu, waɗanda aka gyara a Mainz ta ƙasar Jamus, sun haɗa da tasoshi da mundayen tagulla, da awarwaron hauren giwa, da ɗan abin ado na zinariya, da wuri, da duwatsun wuya. Mafi daɗewarsu sun kai ƙarni na 13 zuwa na 14. Waɗannan kaya sun tsira ne don an binne su tare da masu su. Da Musulunci ya kafu aka daina binne mamaci da dukiya, sai wannan ƙofa ta rufe, kayan tagulla suka shiga rabon gado, daga gado kuma sai kasuwa.

Kuza kuwa a gida take. Mutanen Liruwen Kano da Liruwen Dalma sun daɗe suna narka ta, suna zuba ta siraran sanduna kamar tsinken tsintsiya, fatake suna yawo da ita. Sawun waɗannan tsinkaye ne Kamfanin Neja ya bi a 1902 har ya kai ga ma'adinan tsaunukan Jos. Watau ƙasar Hausa tana zaune ne tsakanin jan ƙarfen Azbin da kuzar kudu, abubuwa biyun da ake haɗa tagulla da su. Da Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar jan ƙarfe yana shigowa kasuwa daga Tarabulus, wani kuma daga Hofrat en-Nahas, kudu da Darfur, ta hannun fataken Wadai. Maƙeran azurfa su kuma liyari suke narkawa, kuɗin nan mai hoton Mariya Tariza da ke ɗauke da shekarar 1780.

Aikin maƙeran fari

Bahaushe ya raba ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu aikin tama, masu fartanya da garma da gatari da takobi. Maƙeran fari su ne masu tagulla da azurfa da dalma da kuza. Philip Jaggar ya yi bayanin wannan rabo a littafinsa a kan maƙeran birnin Kano, wanda ya fito a 1994. Daga hannun maƙeran fari ne mundaye da zobba da awarwaro suke fitowa, da likkafa da adon linzami da sauran kayan doki, da kuben takobi, da ƙararrawa, da kakaki, wanda Tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka fara busa shi a Kano. Wasu kayan bugu ne, watau a daddale ƙarfe da masaba har ya yi faɗi, a lanƙwasa, a yi masa zane. A wannan fanni Nufawan Bida sun yi fice, tasoshinsu da butocinsu kuwa sun cika ɗakunan amaren ƙasar Hausa. Wasu kayan kuma zubi ne.

Zubin kaki ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga yadda ake yin sa ne sauran maganar za ta fito. Maƙeri yakan fara ƙera abin da yake so da kakin zuma, da duk zanensa da kwalliyarsa. Sai ya shafe shi da yumɓu mai laushi, ya bari ya sha iska, ya ƙara wani mai kauri wanda aka cuɗa da kashin jaki ko gawayi don kada ya tsage, ya bar 'yar kafa guda. Idan ya bushe sai a gasa shi, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa a ciki. Cikin wannan gurbi ake tuttula narkakken ƙarfe. In ya huce, babu hanyar fito da shi sai a fasa yumɓun. Ta haka ne maƙeran Agadas suke zuba abin wuyan nan na azurfa da garin ya yi suna da shi, ta haka kuma aka zuba kawunan Ife da allunan Binin. In abin babba ne akan sa masa cibiyar yumɓu a ciki, a kafe ta da ƙusoshi, don ƙarfen ya zama ɓawo kawai.

Kakin ya tafi, yumɓun ya fashe, saboda haka abin da ya fito ba shi da na biyu, kuma maƙerin ba ya ganin aikinsa sai bayan bakin alƙalami ya bushe. In iska ta maƙale a wata kusurwa, sai a tarar da rami. In ƙarfen ya fara sanyi kafin ya cika gurbin, sai yatsa ko kunne ya fito guntu. In yumɓun ya tsage, sai ƙarfe ya bi tsagar ya yi tsiro. Maƙeri yana da zaɓi biyu, ko ya yi faci, ya goge da magagari, ko ya mayar da abin kasko ya sake daga farko. Maƙerin da ke aiki da ƙarfe mai tsada, wanda ya ƙetaro Sahara a kan raƙumi, ba ya jefar da ko ɗigo. Abin da ya lalace shi ne farkon komawa wuta, abin da aka daina yayi ya bi bayansa, abin da mai shi ya talauce ya biyo. Wannan ne ya sa mai bincike yakan sami kayan ƙarni na 14 a kabari, ya sami na ƙarni na 19 a fada, amma tsakaninsu sai ya yi ta lalube.

Mutumin Tada

A ƙauyen Tada, a gaɓar Kwara cikin ƙasar Nufe, da Jebba da Giragi, an daɗe ana ajiye da wasu siffofin ƙarfe da Nufawa ke dangantawa da Tsoede, wanda Hausawa ke kira Edegi. Labarin baka ya ce shi ya gudo da su daga Idah cikin jirgin ruwa lokacin da ya zo kafa mulkin Nufe. A cikinsu akwai maharbi, da jiminai biyu, da ɗan giwa. Amma wanda ya fi shahara shi ne wani mutum da ke zaune, ya naɗe ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ta da gwiwar ɗayar, da ɗan tumbinsa, da zane ɗaure a ƙugu. Tsawonsa kimanin santimita 54 ne. Salonsa na Ife ne, gwajin da aka yi wa yumɓun cikinsa kuma ya nuna ƙarshen ƙarni na 13 ko farkon na 14, watau ya girmi zamanin da ake ba Tsoede da kusan shekara 200.

Abin mamaki game da shi shi ne da jan ƙarfe kusan zalla aka zuba shi. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, ga shi da shan iska, ga saurin daskarewa, ba ya gudu cikin gurbi kamar tagullar kuza ko ta tutiya. Wanda ya zuba siffa mai wannan girma da shi, gwani ne na ƙarshe. Duk da haka mutumin Tada da ake gani a yau ba shi da tafukan hannu, ƙafarsa ta gutsure, fuskarsa kuma ta shafe kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Mutanen ƙauyen ne suka riƙa kai shi bakin kogi kowace Juma'a suna cuɗa shi da yashi da tsakuwa, bisa imanin cewa hakan yana kawo haihuwa ga matansu da yalwar kifi a ruwa. Mako bayan mako, shekara da shekaru, har zanen da gwanin Ife ya yi ya tafi cikin Kwara. Yanzu yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, an kuma nuna shi a Amurka a 1980, da London a 2010.

Masu rubutu a kan fasaha sukan yi juyayin wannan gogewa kamar ɓarna ce. Ga mai nazarin al'ada kuwa, ita ce mafi darajar abin da ke jikinsa, domin ita ce kaɗai rubutun da mutanen Tada suka bari game da shi. Ranar da suka zaɓa ma abin dubawa ce, domin ta nuna yadda tsohuwar al'ada ta raɓu da kalandar Musulunci ta ci gaba da tafiya. Kusa da wannan akwai abin da masu binciken Jami'ar Frankfurt suka gano a ƙasar Nok, cikin Jihar Kaduna, tun daga 2005: mafi yawan siffofin yumɓun nan a farfashe aka same su, an tara gutsattsarin cikin ramuka, alamar da gangan aka fasa su aka binne. (Kan da ya fara jawo hankalin Bernard Fagg a wajajen 1943, wani ma'aikacin haƙar kuza ne ya kafa shi a gonar doyarsa don korar dabbobi. Kalmar mutum-mutumi da yanzu ake fassara irin waɗannan siffofi da ita, asalinta sunan wannan abin tsoratarwa ne na gona.)

Hukuncin sura da dagi

Gaskiya ne cewa maƙeran Kano da Katsina da Zazzau ba su bar siffofin mutane ba. Amma ya kamata a san abin da littattafan da malaman ƙasar ke karantarwa suka faɗa. Masu sharhin Muhtasar na Halilu, irin su Dardiri wanda ya rasu a 1786, sun kawo maganar a babin walima. A wurinsu surar da ta haramta ita ce ta abu mai rai, mai jiki wanda ke yin inuwa, wadda kuma gaɓoɓinta suka cika. In ta rasa gaɓar da mai rai ba zai rayu ba sai da ita, ko kuwa zane ce a bango ko takarda, hukuncin ya sauka daga haramci. An kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata. Akwai malaman da suka fi haka tsanantawa, jama'ar gari kuma sun fi littafin ƙyamar duk abin da ya yi kama da gunki. Amma abin sha'awa ne a ga cewa a wannan mazhaba cikar sura ita ce matsalarta, naƙasa kuwa ita ke sassauta hukuncinta. Ɗaliban fasaha na jami'o'in Arewa, waɗanda sukan ɗauka babu wata magana tsakaninsu da malaman zaure, ba su cika sanin wannan ba.

Hannun da aka kange daga sura sai ya koma ga zane. A kan tasa da faranti da kube da likkafa, haka kuma a wuyan riga da bangon soro, abin da aka fi gani shi ne layin da ke sarƙewa yana komawa inda ya fito. Mafi shahara shi ne dagi, wanda asalin sunansa tafin ƙafar kyanwa ko zaki ne, wanda kuma gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta ɗauka ya zama tambarinta. In mutum ya ɗora yatsa a kan layin dagi ya bi shi, zai yi ta hawa da sauka, ya shiga ƙarƙashin wani ya fito saman wani, ba zai tarar da bakin zaren ba. Wasu marubutan zamani suna cewa alama ce ta dawwama ko ta juyin rayuwa. Wannan fassara tasu ce, kuma ya kamata a yi hattara da ita, domin masu ɗinki da magina da maƙera suna kiran zanen da sunansa ne kawai, su yi shi inda ya dace.

Zariya da masu zubin zamani

A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane da sassaƙa na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta yi kira da a haɗa dabarun Turai da gadon gida. Kafin su, Ben Enwonwu ya riga ya yi Anyanwu tsakanin 1954 da 1955, mace mai miƙewa sama kamar hantsi, sunan kuwa rana yake nufi da harshen Ibo. Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irinta a 1966. Siffar Sarauniyar Ingila da ya gama a 1957 kuwa a London aka zuba ta, ƙasar da ta haifi Ife da Binin ta koma neman kasko a waje.

Onobrakpeya shi ne misali mafi kyau na yadda kuskure ke zama hanya. A 1967, ruwan asid ya cinye masa farantin da yake zane a kai. Da ya zo cike ramukan da danƙon kanti, sai ya ga tudu da kwarin da suka fito sun fi abin da ya yi niyya kyau, daga nan ya ƙago salon bugun da ya yi suna da shi. Shi ne dai facin maƙerin fari, an sake masa suna.

Amma tagulla ba ta zauna a Zariya ba. Tsadarta ta sa galibin waɗanda makarantar ta yaye suka koma ga siminti da waldar baƙin ƙarfe da roba mai ƙarfi da akan shafa wa fenti ruwan tagulla. Siffar Sarauniya Amina bisa doki, wadda Ben Ekanem ya yi a 1975, a Ikko aka kafa ta, a ƙofar babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, ba a Zazzau ba. Ruwa da rana suka cinye ta kafin 2005, aka sake wata a 2014. A watan Fabrairu na 1977 kuwa, da aka yi hawan daba na bikin FESTAC a Kaduna, dubban dawaki sun fito da likkafu da adon ka da na ƙirji. Da wuya in an taɓa tara aikin maƙeran fari mai yawan haka a fili guda, amma baƙi sun kalli hawan ne, ba a rubuta sunan maƙeri ko ɗaya a matsayin mai fasaha ba.

Hayin kogi

Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, bayan an taso daga Zungeru. Kudu da kogin, inda layukan dogo suka haɗu, nan ne masana'antu suka taru. Unguwar Maƙera sunanta ma ya isa shaida. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, masana'antar kayan soja a 1964, ta harhaɗa motocin Peugeot a 1975, sa'an nan nesa da Kakuri aka buɗe matatar mai a 1980, wadda unguwanni irin su Mahuta suka bunƙasa a gefenta. Waɗannan wurare sun kawo wa ƙasar Hausa wani sabon ma'adini wanda Takedda ba ta taɓa mafarkinsa ba: wayar lantarki, da kan famfo, da lagireto, da kwanson harsashi, da tarkacen inji. Da masaƙun suka durƙushe, masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, sai tarkacen ya ƙaru.

A kasuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da wasu maƙerun da ke warwatse a gari, zubi bai mutu ba, sai dai ya sake kama. Goran ruwa ya maye gurbin tagulla, domin yana narkewa a digiri 660 kawai, ga araha. Yashi ya maye gurbin kaki, domin da tukunya guda ana iya buga gurbi ɗari. Tukwane da ludaya da kayan gyaran inji su ne ke fitowa, kuma yaron da ya koyi wannan aiki ya san zafin wuta da gudun ƙarfe kamar kakanninsa. Abin da ya rasa shi ne aikin kaki da sunayen zane-zane, da kalmomin sana'ar da ba su shiga ƙamus ba. Gidan tarihi na Kaduna, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC, yana ajiye da kayan da aka gama. Amma tarihin zubi yana cikin kasko da fasasshen yumɓu da abin da ya fito guntu, su ne kuwa ba wanda yake tarawa. Binciken da aka buga a 2023, wanda ya nuna cewa tagullar Binin daga mundayen cinikin da aka zuba a yankin Rhine na Jamus ta fito, da irin wannan tarkace aka yi shi, mundayen da aka tsamo daga jiragen da suka nutse. Ba a yi wa likkafun fadar Kano ko na Zazzau irin wannan gwaji a bayyane ba, ga su kuwa a ajiye.

A halin yanzu 'yan gwangwan suna zaga Mahuta da Sabon Tasha da Kakuri da kurarsu da ma'auninsu, suna sayen duk abin da ya yi ja ko ɗorawa. Cikin abin da ake miƙo musu daga gidaje akwai tasoshin Bida da mundayen da tsofaffi suka bari, waɗanda magada ba su san abin da za su yi da su ba. Mai saye yakan kankare gefe da wuƙa ya ga launin ciki, ya kanga maganaɗisu ya tabbata ba baƙin ƙarfe ba ne, ya ɗora a sikeli tare da wayar lantarki, ya biya kuɗin kilo.